Shanun da Ke Hutun Juma'a da Lahadi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ni aron miji, ya kuma karɓi abinsa lokacin da ya so. Karatuna bai wuce na ajin manya ba, amma ba na son labarin nan ya bi ni kabari.

Sunan maigidana ba zan faɗa ba. Ban faɗa yana raye ba, ba zan fara yanzu ba. Mutanen ƙauyenmu, Tudun Marke, Mai Garma suke ce masa. Yana da aboki, Istifanus Jatau, Kirista, gidansa na hayin rafi kusa da majami'a. Tun suna samari suka lura kowannensu ƙarfin sayen sa ɗaya yake da shi, garma kuwa ba ta tafiya sai da biyu. Sai suka haɗa. Namu ya riƙe dama, nasu ya riƙe hagu, karkiya ɗaya, garma ɗaya. In bana an fara huɗa da gonarmu, baɗi a fara da tasu. Shanu suka yi ta tsufa ana sauya su, amma haɗin bai taɓa warwarewa ba. Na ƙarshe su ne Tauraro, namu, mai farin goshi, da Duna, nasu, baƙi wuluk.

Ranar Juma'a ba a ɗaura musu karkiya saboda maigidana, ranar Lahadi ba a ɗaura musu saboda Jatau. Don haka duk ƙauyen ba shanun da suka kai su ƙiba. Mutane suna tsokana wai shanun nan sun fi kowa wayo, sun shiga addini biyu don su samu hutu biyu. Jatau yana kiran maigidana Liman, shi kuma yana kiransa Fasto, alhali ba wanda ya taɓa jan salla ko hawa mumbari a cikinsu.

A siyasa kuwa ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Ranar zaɓe keke ɗaya suke hawa, Jatau na tuƙi, maigidana na baya. Da safe zai leƙo zaurenmu ya ce, "Liman, fito mu je." Maigidana ya ce, "Ina zuwa, Fasto, bari in sa hula in je in kashe ƙuri'arka." Akwai shekarar da manya suka haɗe jam'iyyunsu, suka wayi gari a tafiya ɗaya. Ban taɓa ganin su cikin damuwa irin ta lokacin ba. Sai su zauna a gindin ɗorawa shiru, an rasa abin gardama. Ba a daɗe ba Jatau ya sauya sheƙa, zama ya koma daidai.

Maigidana ya rasu da kaka, bayan an shigo da gero. Ina cikin takaba aka yi zaɓe, kuma bai yi kama da zaɓukan da na sani ba. Ɗana Mudi, wanda gida ya koma hannunsa, ya tsaya wa ɗan takararsu a rumfar zaɓe. Markus, ɗan Jatau, ya tsaya wa ɗaya ɓangaren. Aka yi zage-zage, aka sako addini a ciki, aka faɗi maganganun da ba sa komawa baki. 'Yan su Markus suka ci, samarinsu suka zagaya gari da ganga, suka tsaya a ƙofar gidanmu suna habaici, ga ni a ciki da carbin takaba. Jatau ya aiko matarsa Saratu ta ba da haƙuri. Ni na karɓa, Mudi bai karɓa ba.

Na fita takaba, bazara ta yi nisa, aka yi ruwan shuka. Wata safiya da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida, sai ga Mudi ya kwance Tauraro daga turke, ya riƙo igiyar hancinsa. Na tambaye shi ina za shi. Ya ce gidan Malam Haladu, wanda masallacinsu ɗaya, jam'iyyarsu ɗaya, shi ma yana da sa guda. Daga bana da shi za a haɗa, haɗi da hayin rafi ya ƙare.

Na san abin da wannan ke nufi. Jatau ya tsufa, ba shi da halin wani san, kuma a wannan lokaci kowa ya riga ya samu abokin haɗi. In Tauraro ya tafi, gonarsa ba za ta ga huɗa ba. Abin da ya fi wannan, hanyar da ta haɗa gidajen nan biyu ciyawa za ta cinye ta.

Na ce, "Gida naka ne yanzu, san ma naka ne, ba zan riƙe maka igiya ba. Amma ka ɗaure shi ka zauna, in ba ka abin da babanka ya bari a wurina. Ina tsoron kada ka yi irin ta Mati maƙeri."

Mudi yaro ne mai ladabi ko yana fushi. Ya ɗaure san a jikin turmi, ya tsuguna, ya ce, "Inna, wane ne Mati maƙeri, me kuma ya yi?"

Na ce masa babansa ne ya ba ni labarin, a shekarar da aka yi wata fitina a birni har mutane suka fara ba shi shawara ya rabu da Jatau. Ga yadda ya faɗa mini.

A zamanin da, a wani gari da ake kira Birnin Kanya, an yi wani maƙeri sunansa Mati. Mai yi masa zuga sunansa Nomau, sa'ansa ne, tare suka tashi. Mati mai salla ne. Nomau kuwa al'adar kakanninsa yake bi, kowace shekara sai ya kai baƙin bunsuru gindin tsamiya. In lokacin salla ya yi, Nomau ne ke riƙe wuta kada ta mutu har Mati ya idar. In ranar tsamiya ta zo, Mati ya rufe maƙera bai tambayi ba'asi ba. Kullum cikin musu suke. Mati ya ce ƙarfe ya nuna a fitar, Nomau ya ce bai nuna ba, ya ci gaba da zuga. Fartanyar da ta fito daga tsakanin musun nan, jika yakan gaje ta daga kaka.

Sai sarkin garin ya rasu, 'ya'yansa biyu suka nemi gadon. Gari ya rabu. Mati ya bi babban, Nomau ya bi ƙaramin, suka ƙara wannan a kan abin musunsu, aiki bai tsaya ba. Da babban ya hau, ya kira Mati ya naɗa shi Sarkin Maƙera. Rawani bai gama zama a kansa ba fadawa suka ja shi gefe. Suka ce bai dace mai sarauta ya zauna gwiwa da gwiwa da wanda ba ya salla, wanda kuma ya ƙi sarki ba. Ko ya sallami Nomau, ko ya ajiye rawani.

Mati ya dawo gida ya kwana yana juyi. Da safe ya ce wa Nomau ya ɗan huta a gida tukuna, sai ƙura ta lafa. Nomau ya dube shi, bai yi musu ba. Ranar ce kaɗai a zamansu da bai yi musu ba, ya tashi ya ɗauki zugazuginsu ya fita.

Aka kawo wa Mati sabon mai zuga, wanda sahunsu ɗaya a masallaci, ra'ayinsu ɗaya a fada. In Mati ya ce ƙarfe ya nuna, sai ya ce, "Ya nuna, ranka ya daɗe." In ya ce bai nuna ba, sai ya ce, "Ai da saura, ranka ya daɗe." Kwanakin farko Mati ya ji daɗi. Daga baya maƙera ta yi masa faɗi, fartanyoyi suka fara dawowa a karye.

A bisa kukar da ke inuwantar da maƙerar akwai wata tsohuwar shamuwa da ke sheƙa duk damina. Ran nan Mati na zaune shi kaɗai ya yi tagumi, sai ta sauko ta tsaya a kan uwar maƙera, ƙafa ɗaya a naɗe. Ta ce masa shekara da shekaru da hayaniyarsu take sanin ta iso gida, bana ta zo ta ji shiru, har ta zaci ta yi ɓatan kai. Mati ya gaya mata abin da ya faru. Ta ce, "Sarkin Maƙera, ka san abin da ya sa muke tsayuwa da ƙafa ɗaya? Gadon kuskuren kakarmu ne da ƙawarta gaiwa." Mati ya ce, "Yaya aka yi?" Shamuwa ta gyara tsayuwa ta ce:

Kakarmu tana da ƙawa, gaiwa, kifin nan da ke binne kansa cikin laka in tafki ya ƙafe, ya jira damina. Kowace shekara in kakarmu ta iso gabanin ruwa, sai ta sauka a busasshen tafki ta ƙwanƙwasa ƙasa da baki, ta ce, "Ƙawa, ki shirya, na baro shi a baya yana tafe." In tafki ya cika, gaiwa kuma ta nuna mata inda ƙasa ke da ƙarfi da inda laka ke haɗiye ƙafa.

Abu ɗaya ne ba su taɓa daidaitawa a kai ba. Kakarmu ta ce ruwa daga sama yake, da idonta ta ga hadari ya haife shi. Gaiwa ta ce daga ƙasa yake, domin ita duk shekara ta ƙarƙashinta take fara jin sanyinsa. Su yi ta yi har kaka, a rabu ba wadda ta sauka, baɗi a ɗora daga inda aka tsaya.

Sai 'yan'uwan kakarmu suka ce mata abin kunya ne tsuntsuwar da ta san sama ta riƙa ƙawance da mai ƙaryata sama. Maganar ta shige ta. Shekarar nan ba ta ƙwanƙwasa ƙasa ba. Da tafki ya cika suka sauka kiwo ita da 'yan'uwanta, kowa ya ɗaga kai yana yabon hadari, ba mai duban ƙasa. Kakarmu ta taka wani wuri mai kyan gani, ƙafarta ta nutse har gwiwa. Ta ja, ta ƙara nutsewa. 'Yan'uwa suka kewaye ta suna jaje, duk sun yarda da ita cewa ruwa daga sama yake, amma ba wadda ta san laka. Da suka hango maharbi sai suka tashi.

Tana nan ta fid da rai, sai ta ji ana tone laka ta ƙarƙashin ƙafarta. Gaiwa ce. Kunya ta kama kakarmu, sai ta ce, "Ashe kin gane ruwa daga sama yake?" Gaiwa ta ce, "Daga ƙasa yake. Ɗaga ƙafarki."

Ta tsira, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, ta riƙa naɗe ta. Mu kuma muke naɗe tamu don kada mu manta.

Shamuwa ta dubi Mati ta ce, "Wanda ya yarda da kai a komai, abin da ka gani shi ya gani, ramin da ka taka shi zai taka. Kakarmu ta yi sa'a ƙawarta na nan kusa. Kai ka san inda naka yake?"

Mati ya ce gaskiya ta faɗa, zai je. Amma ranar akwai zaman fada, washegari akwai baƙin sarki, ya ce bari a ga bayan Salla. Zumunta kuwa a ƙafa take, ba a niyya ba. Ranar da ya je, ya tarar da gidan Nomau ba kowa. Mutanen ƙaramin ɗan sarki sun yi ƙaura, Nomau ya bi su, ba wanda ya san inda suka nufa. A jikin bishiyar ƙofar gidan ya ga zugazuginsu a rataye, an shafe fatar da mai don kada ta bushe kafin mai ita ya zo ɗauka.

Ba a jima ba sarkin nan ya faɗi, wani ya hau, ya naɗa nasa Sarkin Maƙeran. Mati ya koma Mati. Ya rayu har ya tsufa, in ya sa ƙarfe a wuta yakan ce, "Ya nuna," sa'an nan ya yi shiru yana jiran a ƙaryata shi.

Na ce wa Mudi, da babansa ya kawo nan sai ya ce mini, "Sarauta rigar aro ce, siyasa kuma kasuwa ce, tana ci tana watsewa. Wanda ya sayar da aboki a cikinta, ranar da ta watse shi kaɗai zai koma gida."

Mudi ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. Sa'an nan ya ce labari ya yi daɗi, amma shi ba rawani yake nema ba, mutuncin gidanmu aka taka. Ya ce sabo turken wawa ne. In kuma don amfani ne, ya riga ya bincika, san Malam Haladu na hagu ne, ƙaƙƙarfa, kunyar huɗar da za su fitar ba za ta karkace ba. Gaiwa ta ciro ƙafar shamuwa, Nomau ya san wuta, to mu me Baba Jatau zai yi mana wanda Haladu ba zai yi ba?

Na ce, "Babu. Ƙila ma san Haladu ya fi Duna ƙarfi."

Ya ɗago ya dube ni, bai zaci haka ba.

Na tambaye shi ko ya tuna ranar jana'izar babansa. Ya ce yaya zai manta. Na ce ko ya tuna ƙayar da aka rufe kabarin da ita, don kada dabbobi su tone. Ya ce ya tuna an same ta a tare a bakin maƙabarta, mai yawa, har aka yi ta mamaki, ya ɗauka samarin unguwa ne suka saro.

Na ce masa ba su ba ne. Saratu ce ta gaya mini da ta zo gaisuwa. Da labarin rasuwar ya isa hayin rafi, Jatau ya sa rigarsa ya fito, ya zo har gindin ɗorawa ya tsaya. Ya ji ana wankan gawa, ba huruminsa ba ne. Ya san za a yi salla, ba zai shiga sahu ba, kuma ba ya son ya tsaya kusa a samu mai cewa wani abu a ranar da ba ta magana ba. Sai ya koma gida ya ɗauki gatari ya shiga daji. Tsoho mai ciwon baya, shi kaɗai ya sari ƙayar nan, ya yi ta jan ta zuwa maƙabarta, ya gama ya tafi kafin a iso da gawa. Saratu ta ce kwana da kwanaki tana cire masa ƙaya a tafin hannu da allura. Ta yi masa faɗa, ya ce mata, "Addininsa ya yi masa nasa. Ni abin da ya rage mini ke nan in yi wa Liman."

Na ce, "Bai zama Musulmi ranar ba, babanka kuma bai taɓa taka majami'a ba. Har ya koma ga Allah yana ganin Jatau bai gane hanya ba, yana yi masa addu'a, na tabbata shi ma Jatau haka yake yi masa. Ba wanda ya rage wa addininsa komai don ɗan'uwansa. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, ba a cire ɗaya. Markus ya yi maka laifi, ka je ka gaya masa a gaban ubansa. Amma ƙayar da ke tsare babanka yanzu haka, hannun mutumin nan ne ya saro ta. Na gama. Ga sanka can."

Na koma kan tankaɗena. Ban dube shi ba, don idona ya cika.

Na ji ya tashi, ya kwance igiya, ya ja Tauraro suka fita. Zuciyata ta ƙi zama, na yafa mayafi na leƙa ta zaure. Daga ƙofarmu ana hango ɗorawar nan, inda hanya ta rabu, dama ta yi gidan Haladu, hagu ta gangara rafi. Mudi ya tsaya a nan. Tauraro ya miƙa wuya wajen rafi ya yi kuka, can daga hayi Duna ya amsa. Mudi ya daɗe a tsaye. Sai na ga ya ɗaure san a saiwar ɗorawa ya juyo gida.

Ya shige ni ya shiga rumbun kaya, ya fito da karkiya a kafaɗa, wadda wuyan shanu ya goge ta har tana sheƙi. Ya tsaya ya ce, "Inna, bana da gonar wa ake farawa?"

Na ce da tamu, bara da tasu aka fara.

Ya ce, "Na ji maganarki, na kuma ji ta Baba. Da tasu za a fara. Malam Haladu zan je da kaina in ba shi haƙuri."

Rana ba ta yi tsaka ba sai na jiyo hayaniya a bayan gida, wajen gonarmu. Na zagaya. Ga shanu biyu a ɗaure cikin karkiya, Tauraro a dama, Duna a hagu. Ga Markus riƙe da garma, kansa a sunkuye, da alama ubansa ya riga ya wanke shi. Jatau kuwa ya dogara sanda yana faɗa, wai shi ba za a karya masa tsari ba, layin marigayi ne, da gonar marigayi za a fara. Mudi na cewa shuka ta fi tashi a ta su Jatau. Jatau ya ce, "Kai, ƙaramin Liman, taurin kan nan gado ka yi. Da irinsa kuka faɗi zaɓe." Mudi ya ce ai ba faɗuwa suka yi ba, murɗiya aka yi musu. Jatau ya ce haka ubansa yakan faɗa duk zaɓe. Suka kaure, shanu suka gaji da jira suka fara tafiya da kansu.

Tun ranar da aka fita da maigidana ban ji gidan nan ya yi kama da gidanmu ba sai ranar. Na koma ciki na ɗauko babbar ƙwaryar nan da na kife tun kaka, wadda su biyu suke sha a ciki, na wanke ta, na dama fura, na sa ludayi biyu.

Allah ya ji ƙan wanda ya ba ni labarin, ya ba mai ji ikon riƙe nasa abokin tun yana kusa.